Yadda Gandun Dajin Yosemite Ya Raba Beyar da Abincin Masu Zango Ba Tare da Guba Ba

A shekarar 1998 kaɗai, ma'aikatan gandun dajin Yosemite da ke jihar Kalifoniya ta Amurka sun rubuta rahoton ɓarnar beyar sama da 1,500. Mafi yawanta fashin motoci ne cikin dare, motoci sama da 1,000, asarar kuwa ta haura dala 600,000. Beyar ɗin sun ƙware a sana'ar. Zai miƙe a kan ƙafafunsa na baya, ya cusa farata ta saman ƙofar mota inda gilashi ya haɗu da ƙarfe, ya ja da dukkan nauyinsa har ƙarfen ya lanƙwashe, gilashi ya tarwatse. Idan abincin yana cikin but, sai ya shiga ya yage kujerar baya ya bi ta nan. Da safe mai mota ya fito daga tanti ya tarar da soson kujera a warwatse, wani lokaci kan gwangwanin lemo guda ɗaya ko ledar biskit da yara suka bari.

Yau irin wannan ɓarna ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100, kuma beyar ɗin suna nan a dajin, tsakanin 300 zuwa 500 bisa ƙiyasin hukumar gandun. Ba a zuba musu guba ba, ba a kuma ƙarar da su da bindiga ba. Yadda aka kai ga haka ya cancanci a bi shi daki-daki, domin duk wanda ke kwana a daji da abinci a jakarsa yana fuskantar wannan matsala, ko da dabbar da ke zagayarsa ɓera ce.

Dabbar da wurin

Faɗin Yosemite ya kai kusan murabba'in kilomita 3,000 a tsaunukan Sierra Nevada, amma jama'a kusan miliyan 4 da ke zuwa a shekara galibinsu suna cunkushewa ne a kwari guda mai tsawon kimanin kilomita 11. A nan filayen zango suke, da shaguna, da wuraren ajiye motoci. Baƙin beyar ne kaɗai ya rage a wurin. Babban ɗan'uwansa, girizili, an ƙarar da shi daga Kalifoniya tun shekarun 1920. Baƙin beyar ba mafaraucin mutum ba ne, kuma babu tarihin ya taɓa kashe wani a Yosemite. Abincinsa na asali ciyawa ce, da 'ya'yan itatuwa, da tururuwa, da tsutsar ruɓaɓɓen itace. Idan kaka ta yi, yana shirin dogon barcin hunturu, yunwarsa kan kai ya nemi kalori 20,000 a rana.

To a ɗora wannan lissafi a kan kular abinci guda da iyali suka bari a kan tebur. Abin da zai wuni yana tonon tururuwa bai samu ba, ga shi an tara masa wuri ɗaya. Hancinsa na cikin mafi ƙarfi a dabbobin tudu, ga kuma riƙon abu a ka: inda ya taɓa samu, zai dawo, kuma yana gane siffar kula da ledar kanti da ido ko babu komai a ciki.

Wa ya koya masa

Gaskiyar da ba ta da daɗin faɗi ita ce hukumar gandun da kanta ta fara. Daga 1923 aka riƙa zuba ragowar abincin otal-otal a wasu keɓaɓɓun wurare, wai don a janye beyar daga inda mutane suke, daga baya abin ya koma wasan kallo: a kunna fitilu da dare, baƙi su taru su kalli beyar suna cin shara. An daina wasan a shekarun 1940, amma buɗaɗɗun jujin shara sun ci gaba har zuwa wajen 1971. Da aka rufe su, an bar zuri'ar beyar da ba ta san wani abinci da ya fi na mutum ba, aka kuma toshe mata inda ta saba ci. Ina za ta nufa in ba tantuna da motoci ba?

Akwai hujjar da ta fi labari ƙarfi. Wani bincike da Jack Hopkins da abokan aikinsa suka wallafa a 2014 ya gwada gashi da ƙasusuwan beyar ɗin Yosemite, har da waɗanda ke ajiye a gidajen tarihi. Abincin mutane cike yake da masara da sukari da nama, waɗanda ke barin wata alama ta daban ta sinadaran kabon da naitirojin a jiki. A jikin beyar da ke ratsa wuraren mutane, rabon abincin ɗan'adam ya kai kashi 13 cikin 100 tsakanin 1915 da 1919, ya hau 27 tsakanin 1928 da 1939, ya kai 35 tsakanin 1975 da 1985. Wato bayan rufe juji ma abin ya fi muni.

Magungunan da aka gwada suka kasa

Na farko shi ne kamawa da kaiwa nesa. A ɗana tarko mai kama da ƙaton bututun ƙarfe, a kama beyar, a maƙala masa lamba a kunne, a kai shi wani sashe na dajin. Da yawa cikin kwanaki ko makonni suke dawowa. Wanda bai dawo ba, ko ya kai halinsa wani zangon, ko ya fita iyakar gandun inda mafarauta ke da izinin harbi. Na biyu shi ne kashe wanda ya gagara, kuma an kashe da dama a shekarun baya. Wannan ma bai rage rahoton ɓarna ba, don abincin yana nan inda yake. An cire mai ci ne kawai, wani ya zo ya gaji wurin. Binciken Rachel Mazur da Victoria Seher na 2008 ya ƙara nuna cewa 'ya'yan da uwa ta rena a kusa da zango su ne suka fi zama masu fashin abinci in sun girma. Kafin a kashe uwar, ta riga ta yaye ɗalibai.

Na uku na masu tafiyar ƙafa ne cikin tsauni: rataye abinci a reshen bishiya, jaka biyu masu nauyi ɗaya, kowace tana riƙe da 'yar'uwarta a sama. Shekaru ana koyar da wannan dabara kamar karatu. Beyar ɗin Yosemite suka warware ta. Wani ya gwaguye reshen har ya karye, wani ya hau sama ya faɗo kan jakar, uwa kuma ta tura ɗanta ya bi siririn reshen da ba zai ɗauke ta ba. A yau rataye abinci a bishiya haramun ne a gandun.

Me ya sa ba guba ba

Wanda ya tashi ya ga an yi kaca-kaca da motarsa zai iya cewa a saka wani abu a cikin nama a huta. Doka ta toshe wannan hanya tun da wuri: kashe ko cutar da namun daji a gandun ƙasa laifi ne, kuma a 1972 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a umarnin hana amfani da guba wajen kashe dabbobi masu farauta a filayen gwamnatin tarayya, umarnin da ya yi aiki har zuwa 1982. Amma ko da babu doka, a ganina dabarar ba ta da kai. Guba sai an sa ta cikin abinci kafin a ci, wato mai zubawa ya ƙara wa zangonsa ƙamshin da yake son kawarwa. Kuma ba ta tambayar sunan mai ci. Kurege zai ci, hankaka zai ci, karen maƙwabcin tanti zai ci, yaro mai rarrafe ma zai iya kai hannu.

Mafi muni, ba ta tsayawa a cikin wanda ya fara ci. Gubar ɓera ta zamani, irin mai hana jini daskarewa, ba ta kashewa nan take. Ɓeran zai yi kwanaki yana yawo a galabaice, ya zama ganima mai sauƙi ga mujiya ko shaho ko yanyawa, gubar kuma ta taru a hantar wanda ya cinye shi. Ba sai an je nesa neman misali ba. A 2012 Mourad Gabriel da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gwada gawarwakin wata dabba mai farauta dangin dage da ake kira fisha, wadda ke zaune a dazuzzukan jihar har da na kudancin Sierra Nevada kusa da Yosemite. Cikin 58 da aka gwada, 46 na ɗauke da gubar ɓera. Hanyar da aka fi zargi ita ce gonakin tabar wiwi na ɓoye a cikin daji, inda masu noman ke watsa guba don kare shukarsu da bututun ban-ruwa da abincin zangonsu. Ɓera suka nufa, abin ya ƙare a kan masu cin ɓera, waɗanda da ma su ne ke rage yawansa. A 2020 Kalifoniya ta kafa dokar da ta dakatar da yawancin amfani da irin wannan guba mai ƙarfi.

Akwai kuma ƙananan dabaru da masu zango kan yi da kyakkyawar niyya: watsa kafur kewaye da tanti, ko ajiye tsumma jiƙe da sinadarin wanke-wanke mai kaifin wari. Kafur guba ne. Yana narkewa cikin ƙasa da ruwa, kuma watsa shi a fili saɓa wa dokar amfani da shi ne a Amurka. Ga shi kuma ba abin dogaro ba ne, domin baƙon wari na iya jawo beyar ya zo ya duba. Ko feshin barkonon da ake kare kai da shi a wasu gandaye, idan aka fesa shi a tanti ko a ƙasa don riga-kafi, ragowar warinsa na jan beyar. A Yosemite ma an hana shigowa da shi gaba ɗaya.

Abin da aka yi daga 1999

Bayan abin kunyar 1998, majalisar dokokin Amurka ta fara ware dala 500,000 duk shekara don wannan aiki. Kuɗin bai tafi kan makami ba. Ya tafi kan ƙarfe da ma'aikata.

Ƙarfen shi ne akwatin ajiya. Kowane filin zango yana da nasa, haka wuraren ajiye motoci da bakin hanyoyin shiga tsauni. Akwati ne na ƙarfe mai kauri, an kafe shi a ƙasa, yana iya cin babbar kula da 'yan jakunkuna. Sirrinsa yana wajen sakata: an ɓoye ta cikin wani ɗan lungu da sai yatsun mutum sun shiga sun danna ko sun ɗaga, dantsen beyar kuwa ba ya shiga. Idan ka tura ƙofar sai ka ji ta ce ƙwas. In ba ka ji ba, ba ka rufe ba. Za ka ga wasu akwatunan duk zanen farata a jikin fenti, ƙofar kuwa ko motsi ba ta yi ba. Kwandunan shara ma aka mai da su irin wannan.

Daga nan aka faɗaɗa ma'anar abinci. A dokar gandun, duk abin da ke da ƙamshi abinci ne: man goge baki, sabulu, man shafawa, man leɓe, abincin gwangwani da ba a buɗe ba, kwalaben abin sha, tsumman goge jariri, kwanukan da ba a wanke ba, shara, har kula wadda babu komai a ciki. A filin zango duk su shiga akwati, dare da rana. A wasu wuraren, da rana an yarda a bar abinci a mota idan ba a ganinsa kuma gilasai a rufe suke, amma da zarar duhu ya yi dole a kwashe. A tanti kuwa ba a yarda ko alewa ta kwana ba. Lokacin girki da ci, ƙa'idar ita ce abinci kada ya wuce inda hannunka zai kai, kuma kada ka juya masa baya. Wanda ya saɓa, ana iya ƙwace kayansa, a kore shi daga zangon, ko a ci shi tarar da za ta iya kai dala 5,000.

Ma'aikatan su ne suka sa dokar ta zauna. Ana gaya wa baƙo tun a ƙofar shiga, a sake gaya masa wajen karɓar filin zango, ya kuma tarar da sanarwa manne a kan tebur da bayan gida. Da dare jami'ai na zagayawa da tocila suna taɓa sakatar akwatuna ɗaya bayan ɗaya, suna leƙa motoci, suna tashin wanda ya bar kula a waje ko da ƙarfe 2 na dare ne. Aiki ne mai gajiyarwa, babu wani abin burgewa a cikinsa, kuma ina ganin shi ne rabin nasarar. Akwati 99 a rufe ba su hana beyar zuwa idan na 100 a buɗe yake. Samu sau ɗaya cikin zagaye goma ya ishe shi dalilin dawowa.

Shi ma beyar an ba shi nasa darasin, amma na tsoratarwa. Idan ya shigo zango, jami'ai kan bi shi da ihu da gudu, su harbe shi da harsashin fenti ko na roba mai zafi amma ba ya huda fata. Waɗanda aka san halinsu an saka musu abin wuya mai aika sigina, daga baya mai GPS, don a san sun doso kafin su iso. Baƙi ma an koya musu: in beyar ya shigo zango a taru a yi masa ihu a buga tukwane, amma kada a kewaye shi, a bar masa hanyar fita, in kuwa a cikin daji aka gamu da shi yana harkarsa, a ba shi tazarar yadi 50. Sai dai binciken da Mazur ta yi a gandun Sequoia da ke kudu da Yosemite ya nuna iyakar wannan: kora ta fi aiki a kan beyar da bai riga ya saba da abincin mutane ba. Wanda ya saba, zafin harsashin roba kuɗin shiga ne kawai a wurinsa. Har yanzu akan kashe ɗaya-ɗaya idan ya fara fasa ɗakuna ko tunkarar mutane, amma abin ya zama na nadiri.

Sakamakon ya fito a gashin dabbobin. A wancan binciken na 2014, rabon abincin mutane tsakanin 2001 da 2007 ya sauko zuwa kashi 13 cikin 100, daidai da yadda yake kusan shekaru 90 baya, lokacin da baƙin gandun ba su kai ko kusa da na yanzu ba. Wani binciken na 2009 da Stewart Breck ya jagoranta ya duba motoci 908 da aka fasa a waɗannan shekaru, ya gano ƙananan bas-bas na iyali ne beyar suka fi zaɓa fiye da yawansu a wurin ajiya. Dalilin da aka fi zato: motocin ɗaukar yara ne, da ɓurɓushin biskit da lemon da ya zube a ƙarƙashin kujera, ga tagoginsu na gefe masu saurin ɓallewa.

Ƙananan da suka fi haɗari

Beyar ke cika ido, amma dabbar da ta yi kisa a Yosemite ba ta kai tafin hannu ba. A bazarar 2012 mutum 10 da suka kwana a gandun suka kamu da cutar hanta-bairos (sunanta ne kawai, ba ciwon hanta ba ne), wadda ake shaƙa daga ƙurar fitsari da kashin wani ɓeran daji. 3 suka mutu. Tara daga cikin goman sun kwana ne a wasu sababbin tantuna na Curry Village, wani masaukin baƙi a kwarin, masu bango biyu, zane a waje, allo a ciki, da abin tare sanyi a tsakani. Ɓerayen sun yi sheƙa a cikin wannan tsakanin, ga ɗumi, ga ɓurɓushin abincin baƙi. Hukumar ta rufe tantunan 91 ta kuma rushe su, aka toshe ramuka a sauran gine-gine, aka ɗana tarkuna. Guba a nan da ta ƙara dagula lamarin: ɓera ya ci ya je ya mutu cikin bango, gawar da kashin duk suna nan inda mutane ke numfashi.

Don kada a ce an ɓoye wani abu, akwai inda aka yi amfani da sinadari. A 2015 aka gano tsohuwar annobar nan da ake kira plague, wadda ƙuma ke ɗaukowa daga ɓeraye da kurege, bayan baƙi biyu sun kamu. Aka rufe zangon Crane Flat da na Tuolumne Meadows na 'yan kwanaki, jami'an lafiya suka busa garin maganin ƙwari cikin ramukan kuregen. Ƙumar aka nufa, kuma da dalili: in aka kashe kuregen, ƙumar da ta rasa mai ɗaukarta mutum za ta koma. Aikin ƙwararru ne, a rufaffen wuri, na ɗan lokaci, ba abin da mai zango zai kwaikwaya da ledar magani a jakarsa ba.

Inda babu akwati

Cikin tsauni, inda ake tafiyar kwanaki a ƙafa, ba a kafa akwatin ƙarfe ko'ina ba. Can doka ta wajabta ƙaramar ganga ta roba mai tauri, wadda ake iya haya a ofisoshin gandun. Ba ta da kunne ko hannu ko gefen da farce zai kama, kuma faɗinta ya fi ƙarfin hangamen bakin beyar. Wani nau'in da kwabo ko bakin cokali ake murɗe makullinsa. Ana ajiye ta a ƙasa a rufe, ƙafa 25 zuwa 50 daga tanti, ba a ɗaure ta da igiya don igiya mariƙi ce. Wasu kan ɗora tukunya a kanta don ƙara ta tashe su. Beyar zai zo, ya shinshina, ya buga ta, ya zauna a kanta, ya gaji ya tafi. Bayan ya yi haka sau da yawa ba riba, yakan daina ɓata lokacinsa. Kafin a amince da irin waɗannan kaya akan kai su wata cibiya a West Yellowstone ta jihar Montana, a cika su da abinci mai ƙamshi a jefa wa girizili. Wanda ya jure minti 60 na cizo da tattaka ya ci jarrabawa.

Duk da haka ba a rufe littafin ba. A tsaunukan Adirondack na jihar New York an yi wata macen beyar da ake kira Yellow-Yellow, saboda lambobi biyu masu ruwan ɗorawa a kunnuwanta, wadda ta koyi danna maɓallin murfin gangar kamfanin BearVault da haƙori ta murɗe shi. Kamfanin ya sake fasalin murfin, ta sake buɗewa. A Yosemite kuwa, a yankin Snow Creek da ke saman kwarin, wata ta gano cewa ba sai ta buɗe ba. Takan gangara da gangar zuwa bakin dutse ta tura ta ƙasa, ta sauka ta tsince abin da ya tarwatse. Tsoron jami'ai shi ne wasu su gani su koya, kamar yadda aka koyi fasa mota. Matakin da suka ɗauka shi ne hana kwana da ajiye abinci a wannan yanki, suka kuma ƙara jaddada wa masu tafiya cewa kada a ajiye ganga kusa da gangare ko bakin rafi.